Babi na Biyar: Motar da Ɓarawo Ke So

Da a ce wani ɗan gari zai dawo daga Abuja da jar motar tsere, irin mai ƙofa biyu wadda cikinta ya kusa taɓa ƙasa, ya ajiye ta a bakin titi a Birnin Kudu ya shiga gaisuwa, ina ganin a duk faɗin garin babu motar da za ta fi ta zama lafiya. Kafin ya fito yara sun kewaye ta, 'yan acaɓa sun ɗauki hotonta, mai shayi ya riga ya san ɗan gidan wa ya zo da ita. Wanda ya sace ta ina zai kai ta? In ya tayar, tudun rage gudu na farko zai karce mata ciki, kuma duk shingen da ya wuce sai an tuna da shi. In ya farfasa ta, babu mai sayen fitilarta, domin babu mai irinta da zai zo nema.

A Amurka lissafin ya juye. A shekarar 2023 cibiyar HLDI, wadda ke tattara alƙaluman asara daga kamfanonin inshora, ta fitar da rahoto a kan motoci ƙirar 2020 zuwa 2022. Wadda ta zo kan gaba ita ce Dodge Charger SRT Hellcat, mai ƙarfin doki sama da 700, kuma an samu ana sace ta fiye da ninki 60 a kan matsakaicin yadda ake sace sauran motoci. A can akwai 'yan uwanta da yawa a kan titi da za ta saje da su, akwai matasa masu neman injinta su dasa a tasu motar, ga hanya shimfiɗe. Abin da ya jefa Hellcat cikin haɗari a can shi ne ya jefa Golf cikin haɗari a nan: akwai mai jira ya saya. Ɓarawon mota ba sha'awa ce ke ɗibarsa ba. Kafin ya taɓa marfin ƙofa ya riga ya san hannun da zai miƙa wa, ya kuma san nawa za a ƙirga masa.

Wanda ke son fahimtar satar abin hawa a kudancin Jigawa ya fara da duba hanya. Birnin Kudu tana zaune a kan tsohon titin da ya taso daga Kano ya ratsa Wudil. In ka fita ta ɓangaren Kano, a Kwanar Huguma zaɓi ya rage gare ka, ko ka karkata Dutse ko ka miƙe birnin Kano. In ka fita ta ɗaya ɓangaren, a Babaldu hanya ta sake rabuwa, ga wadda ta nufi Ningi da Bauchi. Gwaram kuwa ƙasar Bauchi ta kusa zagaye ta, kuma titin Basirka ne ke ɗaukar matafiya zuwa Gombe da Adamawa. Wannan zama albarka ne ga mai fataucin hatsi da dabbobi, shi ya sa kasuwanni irin ta Sara suke cika. Amma ƙofar da ta buɗe wa ɗan kasuwa ba ta tambayar wanda ya biyo bayansa. Mota mai lambar BKD ko GRM da ta bar wurinta bayan sallar Azahar, kafin La'asar tana iya kasancewa a wata jihar, ƙarƙashin wata rundunar 'yan sanda da ba ta ma ji labari ba tukuna. Jihohi uku ne suka haɗa kafaɗa a nan, kowace da kwamishinanta da ofisoshinta, kuma saƙon cigiya ba ya tsallaka iyaka da saurin da taya ke tsallakawa. Mashin kuwa ko kwalta ba ya buƙata. Da rani, in rafuka sun ƙafe, burtali da hanyar gona sun ishe shi.

To, me ke yawo a kan waɗannan hanyoyi? Golf 3 da Sharon na haya, waɗanda ake lodawa har but ya kasa rufuwa. Corolla da Camry da Vibe na ma'aikata da 'yan kasuwa. Hilux na hukuma da na 'yan kwangila. Sai mashin ƙirar Boxer, wanda kusan babu zauren da ba ya kwana a ciki. Yawancinsu launi ɗaya ne ko biyu, ko toka-toka ko baƙi, kuma in ka jera goma mai ita kaɗai zai iya nuna tasa. Wannan kamanni shi ne rigar ɓarawo. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, aka kuma saki naira a watan da ya biyo, farashin mota da kayan gyaranta ya yi tashin gwauron zabo. Mutanen da a da za su sauya mota sun koma lallaɓa tsohuwa, kuma tsohuwa kullum tana neman wani abu: yau giyabos, gobe birenbos, jibi ƙofa ko fitila. Sai ya zama tsohuwar mota in aka yi gunduwa-gunduwa da ita tana iya kawo kuɗin da ya kai ko ya fi na sayar da ita a tsaye, ga shi babu wanda zai tambayi takardar ƙofa ko ta radiyeto. Ba ina cewa kasuwannin kayan gyara matattarar ɓarayi ba ne. Masu shaguna a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna akasarinsu kayan Beljiyam suke sarowa, ko su sayi motar da ta yi haɗari su cire abin da ya tsira, kuma da guminsu suke ci. Sai dai giyabos in an ajiye shi a ƙasa ba ya faɗin daga inda ya fito.

Yanzu mu zo kan mukulli, domin a nan ne masu mota da yawa suke yi wa kansu sakiyar da ba ruwa.

Tsohuwar mota kwaɗonta na ƙarfe ne zalla. Bayan shekara ashirin ko talatin ana sakawa ana zarewa, haƙoran ciki sun cinye, har ta kai mukullin wata motar irinta yana iya juya shi. Kowane tsohon direban tasha ya san Golf ɗin da mukullin maƙwabciyarta ke buɗewa, ana ma yin abin dariya da shi. Masu ƙira sun gano wannan rauni tun tuni, suka fito da abin da kanikawanmu ke kira sikiyoriti: wani ɗan ƙwayar lantarki ne a cikin kan mukulli, wanda in ka saka, kwamfutar motar za ta tambaye shi lambar sirri. In amsa ba ta yi daidai ba, injin zai yi ta juyawa amma mai da wuta ba za su haɗu ba. Tarayyar Turai ta wajabta shi a kan sababbin motoci daga 1998, Ostareliya ta bi a 2001, Kanada a 2007, kuma satar mota ta ragu sosai a inda aka yi hakan. Amurka ba ta wajabta ba, sai kamfanonin Kia da Hyundai suka riƙa sayar da wasu motocinsu na tsakanin 2011 da 2021 babu shi domin rage farashi. Da wasu samari a birnin Milwaukee suka gano, suka watsa a TikTok, sai satar waɗannan motoci ta zama wasan yara a birane da dama, har kamfanonin biyu suka amince a 2023 su biya diyyar da ta kai kimanin dala miliyan 200.

Abin da ya jawo wa manyan kamfanoni wannan asara, mu a nan da kuɗinmu muke zuwa a yi mana shi. Mota ta iso daga Kwatano da mukulli ɗaya tak. Ran nan ya faɗi a gona, ko ya jiƙe, ko ƙwayar cikinsa ta mutu, mota ta ƙi tashi. A je wurin mai gyaran wuta, ya duba ya ce, “Alhaji, sikiyoriti ne ya riƙe ta. In za a yi sabon mukulli sai an kai Kano, kuma da tsada. Amma in ka yarda yanzu sai na cire maka shi ka huta.” Alhaji yana sauri, ga kuɗi sun yi ƙasa, sai ya ce a cire. Mota ta tashi, kowa ya yi murna, an mayar da ita shekara talatin baya. Ban ga laifin mai gyaran ba sosai, abin da aka nema ya yi. Amma duk mai sayen mota ta hannu ya kamata ya yi wannan tambaya kafin ya tambayi lafiyar na'urar sanyaya ciki: sikiyoritinta yana nan ko an cire? Kuma ranar da ka sayi mota mai mukulli ɗaya, ranar ce ta yin na biyu, tun na farkon yana raye, lokacin da aikin yake da sauƙi da araha.

Wuraren da ake ɗauke abin hawa ba ɓoyayyu ba ne. Duk inda mutane suka taru hankalinsu ya tafi wuri ɗaya, kuma aka san tsawon lokacin da za su ɗauka: masallacin Juma'a, sallar asham da tahajjud a watan azumi, ɗaurin aure, jana'iza, ranar kasuwa, bakin asibiti. Gari mai babban asibiti kamar Birnin Kudu, inda Cibiyar Lafiya ta Tarayya ke karɓar marasa lafiya daga ƙauyukan Jigawa da na Bauchi, kullum cike yake da baƙin da suka zo a ruɗe. Wanda ya ɗauko matarsa tana naƙuda a tsakar dare ba ya tuna ko ya murɗa kan mashin. Maganar da za ka ji daga bakin kusan duk wanda abin ya faɗa wa ɗaya ce: “Wallahi yanzun nan na ajiye.” Gaskiya yake faɗa. Aikin ba ya cin lokacin da raka'a biyu ke ci.

Akwai kuma abin da ba mu son faɗa saboda kunya. Sau da yawa mukulli ya taɓa kwana, ko ya yini, a hannun wani. An bar shi wurin wankin mota an tafi cin abinci. An bar shi a gareji kwana uku. An ba yaron gida ya sayo mai, an ba abokin ɗa aro ya kai amarya. Yanka irin mukullin da ba shi da sikiyoriti aikin 'yan mintuna ne, kuma wanda ya yanka ba ranar zai zo ba. Zai bari sai an manta, bayan wata ɗaya ko biyu, lokacin da babu mai haɗa wannan da wancan. A garin da kowa ɗan uwan kowa ne, cewa “ba ni mukullina, zan jira a gama” yana kama da rashin yarda, shi ya sa muke haɗiye maganar. Ni dai ina ganin gara a ce maka mai tsantseni.

Mashin ya fi mota shan wahala, kuma asararsa ta fi ciwo. Wanda aka sace wa Camry yawanci yana da abin da zai koma kai. Wanda aka sace wa Boxer sau da yawa riɗin shekara guda ya sayar ya saya, ko kuma na wani ne ya karɓa yana biya kullum, sai ya wayi gari babu mashin ga bashi. Kullen kai da kamfani ya yi masa ba wani abin dogaro ba ne, ƙarfi ɗaya ke karya shi, kuma mutum biyu suna iya ɗaga mashin ɗungurungum. Sarƙa mai kauri da aka zura ta cikin ƙafar baya aka ɗaure da turke ko ginshiƙi ta fi duk wata ƙararrawa. Ga ɗan acaɓa kuma haɗarin ya wuce sata ya kai ƙwace: fasinja daf da magariba, ya ambaci ƙauyen da ke bayan daji, ya yi tayin kuɗin da ya fi ƙa'ida ba tare da ciniki ba. Tsofaffin 'yan acaɓa sun san wannan tayi, sukan ce mai ya ƙare. Sababbin shiga ne ke murna da shi. In kuwa abin ya riga ya faru, an zaro makami, to a saki. Ana sake sayen mashin.

Mai sabuwar mota, irin wadda ba a saka mata mukulli sai dai a danna maɓalli, yana iya karanta duk wannan ya ce bai shafe shi ba. Tasa kalar daban ce kawai. Rimot ɗin irin wannan mota kullum yana sauraron kiran motarsa, in suka ji juna a kusa sai ƙofa ta buɗe. Ɓarayi a Turai da Amurka ta Arewa sun samo na'urar da ke miƙa wannan kira daga nesa, ɗaya ya tsaya jikin bangon gida inda rimot yake rataye, ɗaya jikin mota, sai motar ta ɗauka maigidanta ne ya iso. Maganinsa bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba: a daina rataye rimot a bakin ƙofa, a jefa shi cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi. Mutum yana iya gwadawa da kansa, ya riƙe gwangwanin a rufe ya je jikin motar, in ta ƙi buɗewa to ya yi aiki.

Wannan irin sata ta fi yawa a manyan birane, amma igiyarta ta iso har ƙofar gidanmu ta wata hanyar. A shekarar 2022 an sace motoci sama da 105,000 a Kanada, kusan mota ɗaya duk minti biyar. A 2023 kuɗin da aka nema daga kamfanonin inshorar ƙasar saboda satar mota ya haura dalar Kanada biliyan ɗaya da rabi, har gwamnati ta kira taron ƙasa a Ottawa a watan Fabrairun 2024 a kan wannan matsala kaɗai. Da yawa daga cikin motocin, musamman manyan Toyota da Lexus da Honda, ana cusa su cikin kwantena a tashar jirgin ruwa ta Montreal, su ɓullo a Afirka ta Yamma. A watan Satumban 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka gano su a Najeriya. Waɗannan motoci ba a daji aka tsince su ba. A wuraren sayar da motoci da hannun masu saye irinsu suke ƙarewa, kuma wani mai sayen da kuɗinsa na halak ya biya. Saboda haka attajirin Gwaram da ya aika Legas a sayo masa jif mai sheƙi a farashin da ya ba shi mamaki, ba tsoron a sace masa kaɗai ya kamata ya ji ba. Ya ji tsoron kada shi ne ƙarshen layin satar.

Nan muka iso wurin ɓarawon zaune, wanda in babu shi na tsaye zai nemi wata sana'a. Mun saba ɗaukarsa a matsayin wani mugu can mai ɓoyayyen gareji, kuma akwai irin wannan. Amma kasuwar kayan sata ba za ta rayu da su kaɗai ba. Tana rayuwa ne da mutanen kirki masu sallah a sahun gaba, waɗanda aka kawo wa mashin na rabin kuɗi aka ce “takardun suna hanya,” suka ji wani abu ya ɗarsu a ransu, suka danne. Kuma akwai dalilin da ya sa dannewar ta yi sauƙi. Tun da aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga Janairun 2017, motar da ba ta da takardar kwastan ta zama abin da kowa ya sani, ana ma faɗin farashi biyu a fili, mai takarda da mara takarda. Mutane ba sa ɗaukar fasa-ƙwauri a bakin komai. To amma motar fasa-ƙwauri da motar sata kamarsu ɗaya a idon mai saye: duka biyun suna da araha, duka biyun babu takarda, duka biyun mai sayarwa yana sauri. Ɗaya ta zama inuwar da ɗaya ke fakewa a ciki.

Abin mamaki, mutanen nan namu sun fi kowa sanin yadda ake kauce wa wannan a wani fagen. A kara, babu mai hankalin da zai sayi sa daga hannun baƙon da babu dillalin da ya tsaya masa. Dillali ba la'ada kawai yake ci ba, shi ne zai amsa in gobe wani ya zo ya ce sansa ne. Mutumin da ba zai sayi tunkiya babu shaida ba, shi ne zai ƙirga miliyoyi a bayan gidan mai ya karɓi mota da kwafin takarda mai dishi-dishi.

Shari'a kuwa ta kowane ɓangare ba ta goyon bayansa. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu suna da babin istihƙaƙi, kuma hukuncin a bayyane yake: in mai kaya ya tabbatar da kayansa a hannunka zai karɓi abinsa, kai kuma ka bi wanda ya sayar maka ka nemi kuɗinka, in ka gan shi. Dokar Penal Code da Arewa ta gada tun 1960 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga wanda ya karɓi kayan sata yana sane, ko yana da dalilin da ya isa ya sa shi zargi. Rabin farashi dalili ne.

Binciken da zai fitar da mutum ba mai wuya ba ne. Kusan kowace mota da aka ƙera daga 1981 zuwa yau tana da lambar casis mai harufa da alƙaluma 17, kuma babu harafin I ko O ko Q a cikinta, saboda kada a rikita su da ɗaya da sifiri. In ka ga ɗaya daga cikinsu a takarda, wani ne ya rubuta da hannunsa. Yawanci lambar tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, tana jikin ginshiƙin ƙofa, an kuma buga ta a jikin ƙarfen motar. Dole ukun su zama ɗaya, su kuma dace da abin da ke takardar kwastan da ta mallaka, harafi bayan harafi. A shafa wurin da hannu: in akwai alamar walda, ko sabon fenti a wurin kaɗai, ko harufan sun karkace, a tashi. A nemi ganin wanda sunansa ke kan takarda, ko a ga yarjejeniyar da ta nuna yadda motar ta baro hannunsa. A rubuta takardar ciniki da shaidu da hoton mai sayarwa, a biya ta banki domin sawu ya zauna. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana da rumbun lambobin mota, 'yan sanda kuma sun mayar da rajistarsu ta motoci kan intanet a ƙarshen 2022. An sa ranar 29 ga Yulin 2024 domin fara tilasta wa kowa yin wannan rajista, sai jama'a suka yi ca a kan kuɗin, Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya dakatar da tilastawar. Ko mutum yana ganin kuɗin haraji ne aka sake wa suna, amfanin sa motarsa a rumbun da ɗan sandan Bauchi zai iya dubawa bai ɓace ba.

Game da kayan kariya da ake sayarwa, ba zan tsawaita ba, domin duk aikinsu ɗaya ne: su ɓata wa ɓarawo lokaci har ya ga ta kusa da taka ta fi sauƙi. Sandar kulle sitiyari mai launi, wadda ake hangowa daga waje, tana korar mutum tun bai taɓa ba. Ɓoyayyen maɓalli da ke yanke wutar famfon mai yana da kyau, da sharaɗin ba a sa shi inda kowane mai gyaran wuta ke sawa ba, kuma ba a nuna wa duk wanda ya shiga motar don burgewa ba. Ƙararrawa ita ce mafi raunin duka. Mun saba jin kukanta in akuya ta goga jiki, babu mai ɗaga kai.

Tiraka ta cancanci ɗan bayani, saboda mutane suna dogara da ita fiye da kima. Ba ta hana sata, tana faɗin inda mota take ne, kuma da layin waya take magana. In layin ya mutu saboda an shekara ba a sa masa kuɗi ba, ko an toshe shi saboda ba a haɗa shi da lambar NIN ba, to ƙarfe ne kawai kake yawo da shi. In mota ta shiga inda babu sabis, kamar wasu lungunan da ke tsakanin duwatsun iyakar Ningi, sai ta yi shiru har ta fito. Ƙwararrun ɓarayi kuma sun san wuraren da aka saba ɓoye ta, wasu ma sukan ajiye motar a wani wuri kwana biyu su ga ko za a biyo. Wanda ya sa tiraka ya riƙa gwada ta duk mako. In kuma ta nuna masa inda motarsa take, kada ya ɗebi ƙannensa da gora su tafi, ya tafi da hukuma. Haka nan in an kama wanda ake zargi a kasuwa. Dukan kawo wuƙa da taron jama'a ke yi, ban da kasancewarsa laifi da kan faɗa wa mara laifi, yana kashe bakin da zai faɗi sunan mai saye, sai a binne yaron aike a bar uban tafiyar yana shan shayi.

Sai inshora, inda ake da rashin fahimta mai yawa. Takardar da yawancinmu ke riƙewa saboda shingen hanya, wadda hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun 1 ga Janairun 2023, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, har zuwa naira miliyan 3. Ba ta biyan ko sisi in an sace motarka. Mai biyan sata ita ce cikakkiyar inshora, kuma ƙa'idar hukumar ita ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar a shekara. Motar miliyan 10 ke nan naira 500,000. Ga mai tsohuwar Golf wannan ba lissafin da zai shiga ba ne, sarƙa da sanda sun fi masa. Ga wanda ya zuba rabin dukiyarsa a mota ɗaya kuwa, ya kamata ya zauna ya auna. Masu ƙyamar inshora saboda shubuhar riba da garari suna da takaful, irin na kamfanonin Jaiz Takaful da Noor Takaful, inda ake tara gudummawa a asusu ɗaya a tallafa wa wanda asara ta samu.

In abin ya auku duk da haka, awar farko ta fi sauran kwanakin duka. A kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa nan take, a kuma sanar da 'yan yuniyan na tasha da 'yan banga da shugabannin 'yan acaɓa, domin hoton mota a zaurukansu na WhatsApp yana isa Ningi da Wudil kafin a gama rubuta bayani a kanta. A nan ne ake gane wanda ya shirya. Za a tambaye ka lambar casis da ta inji, kuma mutane da yawa a lokacin suke tuna cewa takardun asali suna cikin aljihun motar, sun tafi tare da ita, ɓarawo ya samu mota da shaidar mallaka a lokaci guda. Kwafi ake bari a mota, na asali a gida, hotonsu a waya. Lambar da ke rataye a gaba da baya minti biyu ake cire ta, launi kuma kwana ɗaya ake sauya shi, don haka bayan wata shida, in an kira ka wani ofishin 'yan sanda a wata jihar an nuna maka mota fara alhali taka baƙa ce, ba za a ba ka ita don ka rantse ba. Za a nemi lambar da ke jikin ƙarfe, in kuma an goge ta, za a nemi wata alama da kai kaɗai ka sani: walda a ƙarƙashin kujera, tsaguwa a cikin but, harafin da ka sa aka buga a wurin da ba a gani. Mai mashin ma haka, ya sa a buga masa alama a cikin firam, ya ɗauki hotonta tare da rasit ɗin saye, ya ba wani amintacce kwafi ya ajiye.